Laushin Shokazoba

Ranar Juma'a da yamma jar motar ta sake kunno kai garejin Baba Makaniki, cikinta na shafar ƙasa, ƙarar salansarta na tsaga kunne. Baba ya ɗago daga injin da yake kuncewa, ya ja dogon tsaki.

Dogo ne, mijin 'yarsa Auta. Da kyar ya zaro kansa daga ciki, gwiwoyi har haɓa, don kujerar a manne take da sitiyari. Mutum zanƙalele haka ya zauna a ƙudundune kamar ɗan koyo, kuma wai shi ne ɗan tseren mota!

"Baba, a ɗaure mana shokazoba, gobe akwai tsere."

"Na gaba ko na baya? Ya kake son taurinsa?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya ce bari ya ɗan buga waya, ya koma bayan tulin tsofaffin tayoyi yana ƙus-ƙus. Kullum haka yake yi. Baba ya bi shi da harara.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. A saman kowane shokazoba na irin wannan mota akwai ɗan maɓalli da ake murzawa. Ka yi hagu ya yi laushi, mota ta riƙa haɗiye ramukan titi, mai zama bai sani ba. Ka yi dama ya yi tauri, ta dafe a ƙasa, ta sha kwana a guje ba ta karkata ba. Juma'a a ɗaure don filin tsere, Litinin a sassauta don cikin gari. Ko mai faci ya san wannan, amma Dogo har yau bai san hagu daga dama ba.

Abin da ke cin Baba a rai kuwa ba jahilcin ba ne, Auta ce. Yarinyar da ta tashi a garejin nan tana miƙo masa sifana, ita ce yanzu duk Asabar take kawo ɗanta wurin uwarta tun da sassafe, ta ce tana da uzuri, ta tafi ba ta ko zauna ba. Da yamma ta dawo a gajiye, ido ja, tafin hannu duk kanta. Ba sai an faɗa masa ba. Miji yana can yana wasan yara da mota, an bar mata wanki da guga da zaman kaɗaici, ita kuma zurfin ciki ya hana ta kawo ƙara. Wallahi abin yana ƙona shi.

Ya yi magana, an ce to Baba. Ya yi fushi, an ce a yi haƙuri Baba. Motar dai tana nan.

To, a wannan Juma'ar ya yanke shawara. Irin su Dogo nasiha ba ta shigarsu, sai kunya a gaban jama'a. Idan ya zo na kashin baya, aka yi masa ihu, da kansa zai nemi dillali ya sayar da motar, Auta ta samu mijinta a gida.

Ya buɗe bonet da but. Dogo na tsaye a kansa yana gyaɗa kai, shi a dole masani. A gaban idonsa Baba ya murza maɓallan hagu, gaba da baya, har suka ƙure. Laushin da ko motar kai amarya ba a yi wa irinsa.

"Ya ɗauru, Baba?"

"Tamau," in ji Baba.

Dogo ya yi godiya har da rusunawa, ya naɗe kansa ya koma ciki. Kaico, sakarai!

Baba bai taɓa zuwa filin tsere ba, yana cewa shi ba ya kallon mahaukata. Amma Asabar ɗin nan ya sa wankakkiyar riga, ya ce wa matarsa zai je duba kayan gyara, ya nemi wuri a jikin shingen da ke kallon kwana mafi tsanani. Direbobi duk sun shige motocinsu, kowa kansa cikin hular kwano, gilashin hular ya rufe fuska.

Aka ɗaga tuta. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne yadda jar motar ta fita, fes, ba ko tangarɗa a canjin giya. Ya taɓe baki, ya ce injin ne mai kyau.

A kwanar farko ta karkata. A ta biyu ta yi lilo irin na kwale-kwale, motoci biyu suka wuce ta. Baba ya yi dariya har da buga cinya. Yanzu wawan zai tsorata ya ɗaga ƙafa, ya ƙarasa a hankali yana shan ihu, shi ke nan.

Ƙafar ba ta ɗagu ba. Direban ya ƙi, ya riƙa kokawa da sitiyari, ya ƙwato mota ɗaya, ya matsa wa ta biyu. Dariyar Baba ta fara tsinkewa. Wannan taurin kai bai san Dogo da shi ba.

Motar ta iso kwanar da Baba yake a guje. Gaba ya nutse, baya ya yi tsalle, tayoyi suka saki kwalta. Ta juya, ta daki shingen tayoyi, ta kife, hayaƙi ya tashi.

Baba ya riƙe shinge. Kunya kawai ya nufa, Allah ya sani. Me zai ce wa Auta idan ya mayar da ita gwauruwa?

Sai wani ya bangaje shi daga baya, ya haura shingen. Dogo ne, da silifas da gorar ruwa a hannu, yana gudu wajen motar yana ihu: "Auta! Auta! Ku ciro ta, matata ce a ciki!"