Jakunkunan Gwaggo Tasalla

Tun shekarar da man jirgi ya yi wuya aka kafa dokar: jirgi ba ya ɗaukar kaya sai waɗanda na'ura ta ga mai su zai yi amfani da su. Mutane suka yi surutu, suka gaji, suka saba.

Da hantsi Gwaggo Tasalla ta sauka Jidda tare da sauran maniyyata. Jaka biyu ta bayar a Kano. Babbar cike take da zannuwan sati shida, da kuka, da daddawa, da maganin hawan jini. Ƙaramar kuwa likkafaninta ne a ciki, ta kawo shi don ta tsoma a zamzam kamar yadda mahaifiyarta ta yi.

A wurin karɓar kaya, jakunkuna suka yi ta zagayowa, kowa na jan tasa. Ƙaramar ta iso. Ta ɗauka, ta ci gaba da tsayuwa har aka watse. Sannan ta nufi Haladu, jami'in kayan alhazai.

"Ɗan nan, babbar fa?"

Ya duba allon wayarsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tana Kano, Gwaggo."

"Mantuwa aka yi?"

"Ba a mantuwa yanzu." Ya kife wayar. "Amma na'ura ce fa. Gaibu sai Allah."

"Haka ne."

Ta saurari ƙirjinta, ko faɗuwar gaba babu.

"To, a ba maƙwabciyata Ladiyo daddawar, kada a yi asara. Ina motar Makka?"

Ya nuna mata ƙofa. Ta rataya ƙaramar jakar a kafaɗa. Ko nauyi ba ta da shi.