Tulun da Inna ta sa na kai

Shekaruna ba su fi tara ba, muna zaune a Sabon Garin Sakkwato, babana yana dafa wa Bature abinci. Gidanmu na masu bin Almasihu ne.

Wata la'asar na ja ruwa a rijiya. Ina ajiye guga sai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa, ta ɗauraye shi sau uku, ta ce hannun ɗiyar kahirai ya taɓa shi.

Na koma gida na ɗauki sabulun toka, na dinga dirzar hannuwana har suka yi jini. Har yau ina jin warin sabulun nan. A haka Inna ta same ni.

"Ke, mi kike kankarewa?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Ruwa ya gama aikinsa ranar baftismarki. Wankin da ya saura na zuciya ne, Ubangiji ke yin sa kullum, ni ma bai gama da ni ba. Tashi ki cika tulu ki kai mata, bayanta na ciwo."

Na cika, na ɗauka. A bakin zaurenta na tofa yawu a ciki. Tsohuwar ta karɓa, har ta sa mini albarka.

Yau ni ke tsawata wa 'yan mata a majami'a, ana cewa su yi koyi da ni. Na roƙi gafarar yawun. Daɗin da na ji da tsohuwar ta kai ruwan bakinta, shi ne har yanzu bai fita ba.