Azahar ɗin Damagaram

"Asibiti za mu kai kakarki," in ji kawuna. "Kullum sai abincin rana ya huce take ci. Halas, shi ke nan, tsufa ya rikita ta."

Na biyo ta Jidda ne daga taron ƙungiyarmu ta masana masu jin Faransanci, wadda ta daɗe tana binciken agogon jikin ɗan Adam. A iya saninmu, baƙo kan saba da lokacin gari cikin 'yan kwanaki. Kakata kuwa a unguwar Hindawiyya ta nan Jidda ta yi furfura.

Na zauna ina kallonta. Sai bayan awa biyu ta jawo kwano.

"Kaka, me kike jira?"

"Yanzu aka yi azahar a Damagaram. Tana ƙarama na baro innarki can, kuma ba ta iya ci ita kaɗai."