Kwaɗo a Ƙofar Rumbun Iri

Nafi'u, ƙanena, tun da aka kafa duniya ban ji an zalunci ɗan Adam kamar yadda kwamitinku ya zalunce ni ranar Talata ba. Shekara tara ina cikin masu rubuta manhajar nan da makarantu ke tsara jadawalin darasi da ita, kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Yau an karɓe mabuɗin shigata, an sauko da sunana daga saman jerin masu rubuta ta zuwa na goma sha tara, ƙarƙashin wani da bai taɓa gyara komai ba sai launin rubutu. Ni, da ko hulata aka ajiye a kan kujera ta isa a yi shawara da ita. To, tunda gobe ku za ku zauna da kamfanin nan da ya kulle manhajar, ga shi Litinin makarantu za su koma ba su san ko za ta buɗe musu ba, zauna ka ji wani misali.

A wani gari akwai rumbun iri na jama'a, dokarsa biyu. Ta farko, kowa ya zo, ɗan gari ko baƙo, ya ɗibi gero ya shuka, in kaka ta yi ya dawo da zangarniyar da ta fi kyau a gonarsa. Ta biyu, babu zangarniyar da za ta shiga rumbu sai biyu daga cikin masu zaɓe bakwai sun juya ta a hannu, sun murje ƙwayarta, sun yarda. Ba a biyansu. Sai sun tashi daga nasu noman suke zuwa, baya na ciwo. Da haka irin ya zama mai jure fari, ko ruwa ya ɗauke kwana ashirin ba ya sunkuyar da kai. Ana nan sai wani attajiri mai gandu ya fara aiko amalanke yana ɗiba. Ba a hana shi ba, doka ta ba shi. Bai daɗe ba ya fara ƙorafi wai masu zaɓe sun cika nawa, shi gajeren gero yake so wanda injinsa zai iya yanka. Shida suka ce ya yi haƙuri, rumbu ba na mutum ɗaya ba ne. Na bakwai, wanda ya fi su ido, ya fi su iya magana, in kuma za a faɗi gaskiya ya fi su kyau, shi attajirin ya ja gefe. Ya ce zai rufe rumbun da kwano, ya kawo buhuna, a jikin kowane buhu a buga sunan gwanin. Abin da yake roƙo kaɗan ne: a bar ma'aikatansa biyu su zauna cikin masu zaɓe don su rage musu aiki.

Gwanin ya shawo kan sauran. Mene ne mutum biyu cikin tara? Ko hannu aka ɗaga, ai an rinjaye su. Sai dai doka ba ta ce a ɗaga hannu ba, cewa ta yi mutum biyu su yarda. Su kuwa waɗannan biyun ba su da gona, aikinsu ke nan daga safe har la'asar, wannan ya miƙa, wancan ya ce ya yarda. Kafin manoma su dawo su wanke ƙafa, dami ashirin ya shige. Kaka biyu aka yi, tsohon iri ya koma lungu, daga lungu aka watsa wa kaji wai ya cushe wuri. Kwano ya hau, ƙofar ƙarfe ta biyo shi, aka rataya kwaɗo wai don ɓarayi.

Ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Kowane manomi ya san kwana uku gare shi kafin ƙasa ta bushe. Jama'a suka taru da ƙorai a bakin rumbu, suka tarar da kwaɗo. Mai gadi ya ce mabuɗi na wurin maigida, wato attajirin. Maigida ya aiko cewa duk mai son iri sai ya sayi takinsa, don sabon irin ba ya yi sai da taki. Rana ta take, saman ƙasa ya fara yin fari. Wata dattijuwa ta juya ta dubi gwanin, ta nuna masa buhun da ke jingine da bango.

"Malam, ga sunanka nan a jiki. Buɗe mana."

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, duk da ya san babu komai ciki. A kwana na uku aka watse, kowa ya je ya sauko da 'yan zangarniyar da ya rataye a rufin ɗaki. Rabin gonakin garin ba a shuka su ba a shekarar. Aka kafa sabon rumbu na kara, aka ce wa gwanin ya zo ya ɗiba kamar kowa, amma hannunsa ba zai sake zaɓe ba.

Saboda haka gobe, in sun ce za su buɗe muku matuƙar an bar musu mutanensu a ciki, kada ka tsaya ƙirga kujeru. Ka tambaya hannu nawa ke isa a shigar da gyara.

Daina kallona haka. Na ji, ni na kawo mutanen kamfanin. Ni na ci kazar manajansu, ni na ga sunana da manyan baƙaƙe a allon taronsu har na sa aka ɗauke ni hoto sau huɗu, ni kuma na miƙe a gaban kwamiti na ce mene ne mutum biyu. Dama Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.