Bijimin Fadama

Tun da makanta ta kama Septimus Milburn, 'yarsa Isbel ce ke jan hannunsa duk safiya zuwa bakin fadamar bayan ƙauye. Tsohon ya ƙarar da rayuwarsa yana sassaƙa hotunan tsuntsaye a jikin katako, a shafa tawada a buga cikin littafi. Duk tsuntsayen gaɓar kogin Tyne ya zana su, saura guda: bijimin fadama, mai ɓuya cikin ciyawa yana ruri kamar bijimin sa.

Mai filin da fadamar take ciki ya so ya janye ruwan fadamar ya yi gona. Septimus ya yi ta sintiri yana roƙonsa har idanunsa suka rufe. Daga baya Isbel ta kawo masa albishir cewa an fasa.

Sukan tsaya cikin sanyi suna saurare. Can sai rurin ya taso, tsohon ya matse hannunta.

"Kin ji ɗan banzan? Yana nan."

"Na ji, Baba."

Wata rana ya ce takalmansa sun daina kwaso laka, kwaɗi ma sun yi tsit. Ta ce bana ruwa bai sauka sosai ba. Ya tambaye ta ina mijinta Wat, ta ce yana barci.

"Wannan ragon, ko agwagwa bai iya bambanta ta da kaza ba. Ban san me kika gani a jikinsa ba."

A gida yakan zauna yana laluben katako da yatsa, yana yanka, ƙarfen sassaƙar na zamewa yana cin hannunsa. Abin da ke fitowa karce ne kawai, ba tsuntsu ba, amma babu wanda ya gaya masa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya dage sai da Isbel ta kai shi a amalanke wurin da suka saba tsayawa. Ya saurari rurin, ya ce littattafansa za su ruɓe, katakon zai zama itacen girki, amma tunda ya ceci fadamar, bai zo duniya a banza ba. Daga nan bai sake magana ba.

Rurin ya ƙara tasowa. Isbel ta ja bargo ta rufe masa fuska.

"Ya isa haka. Baba ya cika."

Wat ya miƙe daga bayan shinge, ya ratso busasshiyar gonar dankalin da ta maye fadamar, rungume da tulun da yake hurawa kowace safiya don ya fitar da rurin.