Likitan Da Bai Zo Ba

A bakin Ƙofar Dawanau wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi, da ƙullin kayan miya a hannunta. Malam Anas mai adaidaita bai san ta ba, amma ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ta zuwa wani asibitin gwamnati a cikin gari.

Aka ce ya yanki kati, ya yanka. Aka ce ya sayo safar hannu da allura da ruwan ƙari a kemis ɗin waje, ya sayo da cinikinsa na safe. Da aka zo batun iskar numfashi, mai karɓar kuɗi ya ce sai an ajiye kuɗi tukuna, ko kuma likita ya ba da umarnin a sa mata kyauta. Aljihun Anas ya riga ya bushe.

Likita kuwa bai zo ba. Kowa a wurin ya san yana asibitinsa na kuɗi a bayan gari, inda yake tura duk mai hali. Sista Turai, babbar nas, ta yi ta kiran wayarsa ba a ɗagawa. Ta roƙi mai makullin ɗakin iskar, ya ce ba zai rasa aikinsa a kan wadda ko sunanta ba a sani ba.

Kafin azahar tsohuwar ta cika a kan benci, Anas yana yi mata fifita da kwali. Wata maƙwabciyarta daga Zaitawa da ta zo dubiya ce ta gane fuskar, ta kira gidan tsohuwar.

Bayan la'asar babban ɗanta Isiyaku ya iso. Maigadi ya buɗe masa ƙofa da sauri. Bai tambayi kowa hanya ba, ya wuce kai tsaye. Ya yaye mayafin da aka rufe gawar da shi, ya taɓa wuyanta, ya daɗe a tsaye. Da ya juyo, muryarsa har bakin titi.

Ya ce wannan mayanka ce, ba asibiti ba. Ya ce kisa aka yi wa uwarsa, kuma sai ya kai maganar har gaban hukuma. Ya shuri bencin, ya ci kwalar mai karɓar kuɗi. Ma'aikatan duk suka sunkuyar da kai.

"Wane azzalumi ne ya kamata ya duba ta?" in ji shi. "Ku faɗa min sunansa."

Sista Turai ta janye hannunsa daga wuyan mutumin, ta dube shi ido cikin ido.

"Kai ne, Likita. Yau ranar aikinka ce."