Jibo da Gam Ɗin Jijiya

Malam Isah yana tsakar kafa ƙaho a sharaɓar Jibo maganar gam ta taso.

Jibo manomin masara ne a Maska. Shekaru ke nan jijiyoyin ƙafarsa ta dama sun kumbura sun nannaɗe kamar igiyar guga. Da safe lafiya lau, amma kafin azahar ƙafar ta yi nauyi ta hau zogi, dole ya nemi gindin bishiya. Ga masara ta bushe a gona tana jiran a karya ta. Bara ma haka ya zuba ido gara ta ɗebi rabonta, bana kuwa in aka maimaita, gidansa sai awo.

Ana nan sai aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa wasu likitoci sun sauka a wani asibiti a Funtuwa, za su yi aikin jijiya kyauta. Ba yanka, ba kwanciya. Siririn bututu ake zurawa cikin jijiyar da ta lalace, a ɗiga mata wani gam na asibiti ta rufe, jini ya koma bin lafiyayyun hanyoyi. Sai dai gam ɗin kaɗan suka zo da shi, wanda ya riga zuwa shi ke samu.

Malam Isah, Sarkin Askar garin, ya tsotsi ƙaho, ya toshe bakin ƙahon, ya girgiza kai.

"Gam fa, Jibo? Kai da kake kai babur faci, ba ka ga yadda yake saki in rana ta take ba? Narkewa zai yi ya gangaro tafin ƙafa. Akwai wani a Gozaki, ya zauna tahiya, har aka sallame aka watse bai tashi ba. Da tabarmar aka ɗauke shi."

Bai faɗi sunan mutumin ba, Jibo kuma bai tambaya ba.

Nan da nan labari ya zaga Maska, kuma ba mai yi wa Malam Isah musu alhali aska na wuyansa. A zaune yake aski yanzu, wai girma ne ya zo, da safa har gwiwa ko da ana zafin da kaza ke haki. Daga kan kujerar nan yake ba da fatawa. Har Funtuwa ya je da kansa, in ji shi, ya titsiye ma'aikatan da tambayoyi don ya tona asirinsu. Ya san ƙofar da ake shiga, ya san ranar da za su tattara su tafi. Masu ciwon ƙafa da suka ɗaura niyya duk suka janye, kowa ya rungumi kumburinsa.

Mero, matar Jibo, ita ce maganar ba ta shige ta ba. Ranar kasuwa ta ci karo da wata mai tuyar awara da aka yi wa aikin, tana tsaye a bakin kasko tana ciniki. Wurin ya ɗan yi ja, yana ɗan ciwo in an taɓa, likita kuma ya ce zai wuce. Takalminta kuwa cire shi take ta mayar yadda ta ga dama.

"Malam," Mero ta ce wa Jibo da ta dawo, "in masarar nan ta zube, tsoron naka za mu tuƙa mu ci?"

Jibo ya yi ta saƙa da warwara har ranar ƙarshe ta zo. Da hantsi ya yi shahada. Ya biya ta rumfar Malam Isah su yafi juna, ya tarar da ita a rufe, aka ce tun da sassafe ya hau acaɓa, wai askin suna a Mahuta. Jibo ya ji daɗi, ko ba komai ba mai sake karya masa gwiwa. Ya koma gida ya shafe tafin ƙafarsa da man gyaɗa, don ko gam ya gangaro kada ya kama.

A asibiti ya zaci zai tarar da cincirindo, sai ya ga benci wayam. Wata nas mai suna Rahab ta duba ƙafar, ta ga maiƙo, ta ji dalili, ta danne dariya da ƙyar. Ta ce gam ɗin ba ya narkewa kuma ba ya yawo, inda aka sa shi nan yake zama. Ɗaiɗaiku ne jikinsu ke ƙin sa, shi ya sa ake tambaya tukuna. Jibo ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Har ya fara tunanin ta gefen da zai soma karyar masara.

Rahab ta shiga ciki ta sanar da likita, ta fito fuskarta ta sauya.

"Wayyo Baba, ka makara. Na ƙarshen aka gama sa wa wani yanzu. Da ka samu ragowa, amma da aka ga mutanen wajenku sun ƙi zuwa, sai aka haɗa masa ƙafa biyu."

Jibo ya zube a kan benci. Bai san da bakin da zai gaya wa Mero ba.

Sai ƙofa ta buɗe. Mai sa'ar ya fito da ƙafafunsa, wando naɗe har gwiwa, 'yar filasta a kowace sharaɓa, yana takawa ɗaiɗai yana murmushi. Suka haɗa ido.

"A'a, Jibo," in ji Malam Isah, "ashe kai ma ba ka jin magana?"